Tutoci Biyu a Bakin Teburin Loko

Kwanakin baya na je ta'aziyya can wajen Bompai. Da za mu dawo Sharaɗa sai na ce wa mai adaidaita sahu ya bi da ni ta bayan tsohuwar loko, wato inda ake kwantar da kawunan jiragen ƙasa a yi musu gyara a zamaninmu. Ya leƙo ni ta madubi ya ce shi bai san wata loko ba, sai dai in wajen masu wankin mota nake nufi. Na ce masa can ɗin ne. Muka je na sauka, na dogara sandata na bi ta wata ɓarakar katanga. Ramin juya kan jirgi yana nan yadda na san shi, zagayayye, sai dai ya cika da ruwan damina da ledoji, ciyawa ta fito ta kowace tsaga, doguwar gadar ƙarfen da ke gitte a kansa ta ci tsatsa, awaki biyu sun kwanta a kai suna tuƙa. Na daɗe a tsaye. Da mai adaidaitan ya gaji da jira ya biyo ni, na ce masa a bakin ramin nan na ƙarar da ƙuruciyata. Ya ce Allah sarki, irin Allah sarkin da ake yi wa tsoho don ya yi sauri ya hau a tafi.

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya tashi ya tarar tireloli ne ke kai kaya kamfanoni, ina zai san cewa layin dogo ya taɓa shiga har cikin harabar masana'antu, ana turo taragu ƙofar sito a yi musu lodi? Abin da ke kan ramin nan shi muke kira tebur. Kan jirgi mai kwal ba ya son doguwar tafiya da baya, to in ya iso Kano daga Kudu dole a juya shi ya fuskanci inda ya fito. Sai a hau da shi kan gadar ƙarfen nan, wadda ke zaune a kan turke guda a tsakiyar ramin, mu kuma mu kama dogayen sanduna biyu da ke kowane ƙarshe, mu zagaya da shi da ƙarfin ƙirjinmu. Daga bakin ramin layuka suka bazu kamar yatsun hannu, kowanne ya shige ɗakinsa a ƙarƙashin babbar rumfa. Duk kan jirgin da zai shiga hutawa ko zai fito aiki, sai ya bi ta hannunmu.

Ni dai ba tura tebur ne ya kawo ni Kano ba. Na taso a wani ƙauye kusa da Ringim, inda jirgin Nguru ke wucewa ta bayan gonarmu, kuma tun ranar da na ga direba ya leƙo ta taga da hula a karkace yana ɗaga wa manoma hannu, na ce ni ma can zan zauna. Hanyar kuwa sananniya ce. Ka fara da leburanci a loko, in helma, wato shugaban leburori, ya yaba da kai ya kai sunanka ofis a yi maka jarrabawa ka zama mai wuta, wato mai zuba kwal a murhun jirgi, in da rabo wata rana ka kama tuƙi. Amma ina da wani abu da na ɓoye wa kowa. Idona ba ya raba ja da kore. Gani kam ina gani sarai, ina iya hango zabuwa a ƙarshen gona, amma waɗannan launuka biyu ɗaya suke a wurina, wani abu mai ƙasa-ƙasa. Tun ina ƙarami in Inna ta aike ni tsinko jan barkono sai in cika mata ƙwarya da ɗanye, ta ce wasa ne ya ɗauke mini hankali, ni ma na ɗauka hakan ne. Sai da na shiga aikin jirgi, inda ja ke nufin tsaya, kore ke nufin taho, na gane cewa abin da nake ɗauke da shi zai iya raba ni da burina. Sai na ja bakina na yi gum.

In ka cire wannan fargaba, ban taɓa jin daɗin zama kamar na loko ba. Jiniya ke kiranmu aiki, ita ke sallamarmu. Babu mai agogo a cikinmu kuma ba ma makara. Yanzu kowa da waya a aljihu tana faɗa masa lokaci har da daƙiƙa, amma ka tsaya a ƙofar kowane kamfani a Sharaɗa da safe ka ga yadda ake shigowa da gudu, takalmi a hannu. Tun daga nesa za ka ji loko kafin ka gan ta: hucin tururi, ƙarar shebur a cikin kwal, guduma na dukan ƙafafun jirgi, taragu na karo da juna can a filin da ake jera su. Mata na zuwa da bokitai su jira a bakin shinge, in an saki ruwan zafi daga tukunyar jirgi su tara su tafi wanki. Wasu kuma su tsinci ragowar kwal a inda ake zubar da toka. Mu ma a tokar nan muke binne rogo da dankali da safe, kafin azahar sun nuna. Masu wuta kuwa a kan shebur suke soya ƙwai, su zura shi cikin murhu su zaro, kuma har yau ban ci ƙwai mai daɗin wannan ba, ko da yake matata ta ce yunwa ce kawai. In an tashi sai mu yi layi a famfon tanki da sabulun soda, mu dirje har fata ta yi zafi, amma in ka je masallaci wanda ke gefenka a sahu ya san daga inda kake.

Shugabanmu a tebur wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Helma, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya yawan magana kuma ba ya maimaita ta. Shi ya koya mini cewa tebur ba da ƙarfi ake tura shi ba. In direba ya hau da kan jirgi, sai Baba ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gadar yana yi masa alama da hannu, matso kaɗan, koma kaɗan, har sai nauyin ya zauna daidai a kan turken tsakiya. Da ya zauna za ka ji gadar ta ɗan yi lilo, ƙarshenta biyu sun saki. A lokacin mutum biyu ma sun isa su juya wannan uban ƙarfe. In kuwa ya zarce da taki ɗaya, ko mu goma muka taru sai dai mu yi ta nishi. Yakan ce mana in mun ji muna shan wahala mu daina turawa, mu duba zaman jirgin. Sauran dokokinsa biyu ne. Ba a motsa jirgi sai an zura sakatar da ke kulle tebur da layi. Kuma duk lokacin da tebur ya kauce daga layin shigowa, mutum ya tsaya da jar tuta, don a lokacin babu komai a gaban jirgi sai rami.

Ba a san sunan kowa ba a tebur, da garinku ake kiranka. Ni Ɗan Ringim. Mai sa wa ƙafafun tebur giris kuma wani dogon mutum ne daga Nijar da muke kira Na-Maraɗi, wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ke ba da waƙa in muna turawa, mu amsa, kuma duk wanda ya yi lalaci ranar zai ji sunansa a ciki. Shi ke dafa mana shayi a wani tsohon gwangwanin mai, ya ce na ƙasarsu ne, mu Kanawa ruwan zafi muke sha muna kiransa shayi. Yana da mata da 'ya'ya a can gida, sai shekara-shekara yake ganinsu, kuma kullum lissafinsa ranar tafiya. Da yake ni baƙo ne ba ni da kowa a birni, Baba Helma ya ce in riƙa biyowa gidansa ranar Juma'a. Matarsa ta zuba mini tuwo a kwano ɗaya da manyan 'ya'yansu. A zamanin nan ba na jin akwai shugaban aiki da ya san ƙofar gidan na ƙasa da shi, balle ya san ko ya ci abinci.

Da Baba ya ga ina da himma sai ya riƙa ba ni riƙon tuta, wanda aiki ne na wanda aka yarda da shi. Ni kuma na yi dabarata. Na tsaya na lura da wadda in an ɗaga jirgi ke tsayawa, na faki ido na sa wuƙa na yi wa sandarta tsaga uku a inda babban yatsa ke zama, yadda ko ido a rufe na san wadda na ɗauka. Damina biyu ina haka ba wanda ya sani. Har Baba ya kira ni gefe wata rana ya ce ya kai sunana ofis, bayan Babbar Salla za a kira mu jarrabawar masu wuta. Ranar ban san lokacin da na isa masauki ba don murna. Na san akwai gwajin ido a gaban likita, amma na ce wa kaina in ranar ta zo Allah zai kawo mafita, sai ka ce Allah ne ya sa ni in yaudari mutane. Har saƙo na aika wa Inna cewa ta kusa ganin ɗanta a tagar jirgin Nguru.

Ranar da abin ya faru, da safe aka kawo sababbin tutoci daga sito, don tsofaffin sun yi baƙi da hayaƙi da mai. Kafin in ankara wani ya cusa tsofaffin a wutar jirgi, har da tsagata. Na kasa kunne har na ji mai siton ya ce ga ja ga kore. Na jingine jar a dama da ƙofar ɗan ɗakinmu, koriyar a hagu, da niyyar in an tafi cin abinci in yi mata alama. Sai hadari ya haɗo aka fara yayyafi, wani mai kirki ya kwashe su ya shigar ciki, ya ajiye a kan benci a haɗe don kada su jiƙe. A daidai lokacin aka karkatar da tebur daga layin shigowa saboda Na-Maraɗi zai sauka ramin ya sa giris. Ya sauka da gwangwaninsa ya tsuguna daidai ƙarƙashin bakin layin. Can sai ga kan jirgi ya taso daga wajen ɗibar kwal, ya nufo mu a hankali. Baba Helma yana ɗaya ƙetaren ramin, ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan Ringim, tsayar da shi."

Na shiga ɗakin na tarar da su kwance su biyu, sandunansu sumul, launinsu ɗaya a idona. Da na buɗe baki na ce wa na kusa da ni ya miƙo mini ja, da shi ke nan, ba wanda zai kawo komai a ransa. Ko da hannu biyu na ɗaga sama ba tuta, direba ya san ma'anarsa. Amma na saba da ɓoyo har ya zama abin da ya fara zuwa mini shi ne kada a gane ni. Na yi bisimilla na ɗauki ɗaya, na fita na ɗaga ta sama da ƙarfin hali. Direba ya amsa da gajeren usur, sannan na ji tururi ya ƙaru. A nan na san abin da na ɗauka. Na tsaya a wurin, tutar na sama a hannuna, ina kallon kan jirgi yana tahowa.

Ban san dattijo na iya gudu haka ba. Baba Helma ya zagayo bakin ramin hannuwansa biyu a sama yana kwarma wa direba kira. Direba ya ja birki, ƙafafun suka daina juyawa, amma dogo ya jiƙe da yayyafi, sai jirgin ya ci gaba da zamewa. Baba ya suri bokitin yashi ya watsa a kan dogon, ya jawo wani guntun katako ya cusa a gaban ƙafar farko. Katakon ya yi ƙara ya tsage, jirgin ya ja shi har bakin rami, sannan ya tsaya. Hancinsa ya riga ya leƙa ciki, ruwan ɗumi na ɗiga a kafaɗar Na-Maraɗi. Na-Maraɗi ya hawo a hankali da gwangwaninsa a hannu, ya dubi jirgin, ya dube ni, ya ce, "Ɗan Ringim, yau ka so ka aika ni gida ba tikiti." Ya yi ƙoƙarin dariya, amma sai ya zauna a ƙasa cikin taɓo, ya daɗe bai tashi ba.

Direban, wani mutumin Kudu da ya daɗe a Kano, ya diro yana zazzaga faɗa da Hausa da Turanci, ya rantse sai ya kai ƙarata an kore ni a ranar. Baba Helma ya ja shi gefe ya ba shi haƙuri, ya ce ni mutuminsa ne, a bar shi da ni. Kowa ya ɗauka ruɗewa ce ta sa na ɗauki kore. Sai da muka sallame la'asar Baba ya ce in biyo shi bayan tankin ruwa. Ya shimfiɗa tutocin a kan wani tsohon ƙarfe ya ce in miƙo masa ja. Na miƙa, na dace. Ya sa na juya baya ya sauya musu wuri, na sake dacewa. A karo na uku da na miƙa masa sai ya riƙe hannuna tare da tutar, ya daɗe yana kallona.

"Tun yaushe?"

"Tun ina ƙarami, Baba."

"Tsagar da ke jikin tsohuwar sandar, kai ka yi ta?"

Na ce ni ne. Ya ce ya sha jin ta a hannunsa, ya ɗauka aikin masu zaman banza ne. Na durƙusa na kama ƙafarsa. Na ce ku rufa mini asiri, ba zan ƙara ba, zan yi wa kowace tuta alama, na riga na aika wa mahaifiyata. Ya bari na gama sannan ya ce, "Tuta kana iya yi mata tsaga. Fitilar da ke bakin gadar Chalawa fa, wa zai tsaga maka ita, kana tafe da taragu cike da matan mutane da 'ya'yansu? Ba zan sa a kore ka ba, amma gobe zan je in janye sunanka. Kan jirgi kam ba za ka tuƙa ba, ko ina raye ko na mutu." Washegari ya yi yadda ya ce. Ya kuma kai ni da kansa wajen masu wankin tukunya, ya ce wa shugabansu ga mai kunne da juriya ya kawo masa. Abin da ya faɗa a ofis ban sani ba har yau, amma ba a taɓa kirana a tuhume ni ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mini gorin ido a loko. Na yi aiki a wurare bayan nan, na ga yadda ake sallamar mutum da takarda ɗaya a kan abin da bai kai rabin nawa ba.

Kuna tsammanin na gode masa? Ko alama. Na tsane shi tsana irin ta saurayi, wadda ba ta jin bayani. Wankin tukunya shi ne aikin da kowa ke gudu. In an kashe wutar jirgi ya ɗan huce, sai ka tuɓe riga ka shiga ta ƙofar murhu, wadda da ƙyar kafaɗa ke wucewa, ka tsuguna a ciki da fitila kana kankare ƙanzon da wuta da ruwa suka bari, kana zura dogon buroshi a bututu ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe na ƙona maka gwiwa. Daga ciki ina jin waɗanda muka shigo tare suna wucewa a kan jirgi, sun zama masu wuta, suna busa usur. Na daina zuwa gidan Baba ranar Juma'a. In na hango shi a hanya sai in ratse, in ba makawa in yi masa sallama a daƙile, ban ƙara tsayawa na tambaye shi gajiya ko iyali ba. Shi kuwa kullum da sakin fuska yake amsawa, har ya ƙara da Ɗan Ringim yaya aiki. Wannan ma haushi yake ba ni. Shekaru muka yi a haka, kuma Inna ta rasu ba ta gan ni a tagar ba.

Amma tukunya ta koya mini halinta ba tare da na nema ba. Na iya bugun ƙarfe da ƙaramar guduma in ji inda ya tsage, na iya karanta gilashin ruwa da allurar agogon tururi, na san irin kukan da bututu ke yi in ya kusa ɓulewa. Ba abin da ya haɗa wannan aiki da launi. Da jiragen dizal suka yi yawa aka riƙa jingine masu kwal ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi masana'antu na ƙaruwa a Bompai, daga baya Sharaɗa da Chalawa, kuma masaƙa ce ko majema ko kamfanin man gyaɗa, kowanne da tukunyar tururinsa yana neman wanda ya san ta. Har gida aka riƙa zuwa nemana. Na yi aiki a wata masaƙa a Bompai, na koma wata majema a Chalawa, na ƙare a Sharaɗa inda nake zaune yanzu. Da tukunya na yi aure, na gina gida, na sa yara a makaranta, na sauke farali. Wasu daga cikin masu wutar da nake yi wa hassada sun koma dizal sun ci gaba, da yawa kuwa aikin ya ƙare musu suna tsakiyar ƙarfinsu. Yau masaƙun ma galibi sun yi shiru, in na wuce sai in ga masu gadi da tantabaru. Amma ni na ci rabona, alhamdu lillahi, kuma ban taɓa kwana da jinin kowa a wuyana ba, wanda shi ne babban alherin da aka yi mini.

Sai dai kada a ce sai da na ga amfanin abin sannan na sauko daga fushina, domin ba haka aka yi ba. Baba Helma ne ya sauko da ni tun ina loko, tun ban san akwai wata Bompai a gabana ba. Ranar da za a kashe wutar kan jirgi mai kwal na ƙarshe a rumfarmu, da hantsi ina tattara kayan aikina sai ga Na-Maraɗi ya leƙo ya ce Baba na kira. Na ce ina da aiki. Ya ce wane aiki, tukunyar wa zan wanke, ko ta shayinsa? Na bi shi ina cin magani. Na tarar an hau da jirgin kan tebur, za a juya shi a shigar da shi ɗakin da ba zai ƙara fitowa ba, ma'aikata sun taru sun yi cirko-cirko. Baba ya tsufa sosai a lokacin, shi ma saura kwanaki ya ajiye aiki. Direban nan dai na ranar, wanda shi ma ya yi furfura, yana tsaye a ƙasa yana goge hannu da tsumma. Baba ya nuna mini matakalar jirgin da haɓa.

"Hau."

Na tsaya ina kallonsa. "Baba, ai kun ce ba zan..."

"Na ce ba za ka tuƙa ba. Nan babu tuta, babu fitila, birki a ɗaure yake. Hau ka zauna a kujerar direba."

Na hau. Na sha hawa wurin in jirgi ya mutu ya yi sanyi, in wuce kujerar ba na ko kallonta, in shige murhu da rarrafe. Amma ban taɓa tsayawa a wurin yana da rai ba, wuta na ci, ƙarfe na rawa a ƙarƙashin tafin ƙafa. Na zauna na ɗora gwiwar hannu a taga. Samari suka taso za su kama sanduna, Baba ya ce su bari. Ya taka gadar ya ji zamanta, ya kama sanda ɗaya, Na-Maraɗi ya kama ɗayar. Aka zare sakata. Sai na ga komai ya fara tafiya. Rumfar ta wuce da ɗakunanta, tankin ruwa ya wuce, tudun kwal, matan da ke bakin shinge da bokitai, layin da ya miƙe ya nufi Kudu, sannan wanda ya nufi garinmu. Rabin zagaye ake buƙata, amma da aka zo wurin Baba bai tsaya ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da turawa. Direba ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce in ja igiyar. Na ja, usur ya tashi ya cika filin, na ɗaga wa mutane hannu ta taga, suka ɗago mini suna dariya. Ni kuwa kuka nake yi, ƙato da ni har da gemu.

Sai da suka zagaya da ni sau ɗaya da rabi sannan aka zura sakata. Na sauko. Baba ya jingina da sandar yana haki, zufa ta jiƙa masa riga. Na zube a gabansa a gaban kowa na ce, "Baba, ku yafe mini."

Ya daɗe kafin numfashinsa ya dawo. Sannan ya dafa kaina ya ce, "Iyakar tafiyar da zan iya kai ka ke nan, Ɗan Ringim. Da akwai wadda ta fi ta nisa, da na kai ka."

Ban ƙara hawa kan jirgi ba tun daga ranar, kuma ban ƙara jin ina so ba. Allah ya jiƙan Baba Helma, ya haskaka kabarinsa.